Matar da ke Ba Tururuwa Haƙuri

Isaka ya ture akushi gefe, ya ce tuwon da tsakuwa, ya koma kan littafinsa. Matarsa Lauratu ta ɗauke ta fita a hankali. Ai ba a katse wa mai ilimi karatu.

Shi ne malamin jinya a ƙaramar likita, wato asibitin wani ƙauye, cikin ƙasar Gazawa, a shekarar 1984, lokacin da damina ta leƙo ta koma. Ɗan Maradi ne, ɗan 'yan kasuwa, tun yana ƙarami lakol, makarantar boko ta kwana, ke ciyar da shi safe da rana da dare. Yunwa kam ya san ta sarai, har babinta ya taɓa haddacewa.

Jarabawa ce a gabansa. In ya ci, Yamai zai tafi ya ƙware kan masu taɓin hankali, ya zauna gida mai lantarki. In ya faɗi, shekarunsa sun wuce a sake karɓarsa, shi da wankin gyambo sai mutuwa. Don haka albashinsa ya ƙare a littattafai da kalanzir, cefane kuwa yana bayarwa daidai yadda ya saba tun hatsi na araha, kuma tuwo bai taɓa fashi ba. Wannan ya tabbatar masa cewa mutanen ƙauye zuzuta farin suke yi.

Matsala ɗaya ta hana shi sakat. Kowane mai jarabawa sai ya kai majinyaci na gaske Maradi, ya tsaya gaban manyan lokotoro, wato daktoci, ya bayyana ciwonsa. Mutanen ƙauyen kuwa, don rashin taimako, sai kumburi da gudawa suke kawo masa. Ko mutum ɗaya bai yarda ya haukace ba.

Sai Allah ya dube shi. Wata safiya ya buɗe tagar likita, ya hango wata mace can nesa a kan tudu, ta naɗe kai da fuska da tsumma, tana haƙa ƙasa. Ta haƙa, ta sheƙe, ta zuba a ƙwarya. Can sai ta yi tsalle, ta mari ƙafafunta, ta buga su a ƙasa, ta sake durƙusawa. Da ta ga wani na tafe sai ta ɓuya bayan kalgo.

Isaka ya washe baki har kunne. Tara abin da ba shi da amfani, rawa ba kiɗa, gudun mutane: kai ka ce marubucin littafin a tudun nan ya zauna.

Bai matsa kusa ba. Littafi ya ce a lura da majinyaci ba tare da ya sani ba, ga shi kuma rana tana da zafi. Ya dai bi gari yana tambaya. Duk wanda ya tara sai ya sunkuyar da kai ya ce bai santa ba. Isaka ya fahimci cewa tsoronta ake ji, ya ƙara wannan cikin alamomi.

Labo, tsohon da ke gadin likita, shi ya sha matsi.

"Bakinta na motsi. Da wa take magana?"

"Haƙuri take ba tururuwa, malam. Rumbunsu take tonawa."

"Madalla! Jin muryoyi ke nan."

"Malam, don Allah ka ƙyale matar ga. Tana da miji."

"To shi ma mijin ya kamata a duba shi."

Labo ya dubi ƙasa, ya ce haka ne.

A gida Isaka bai ɗaga maganar ba, sirrin aiki ba na mata ba ne. Yakan dai zaunar da Lauratu da yamma ya yi mata tilawar alamomi: rama, ƙarancin magana, rashin barci. Ita tana gyaɗa kai tana susar hannu. Ya ce ƙazwa ce, ba tare da ya ɗago daga takarda ba, ya yi alkawarin kawo mata magani. Abin da ya dame shi da ita shi ne daɗewa a rijiya, don kullum sai rana ta take kafin ya ga koko.

Ranar tafiya ta zo, motar Maradi ta tsaya ƙofar likita. Ya nemi samarin gari su kamo masa matar, kowa ya ce ƙafarsa na ciwo. Maigari ma ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi. Jahilci dai ba shi da magani. Sai ya roƙi wasu jandarma biyu, baƙi masu wucewa, suka ce ai wannan ƙaramin aiki ne.

Ya tsaya cikin farar rigarsa mai guga yana maimaita jawabinsa. Mutanen gari sun taru jikin danni. Labo ya shige ɗakin gadi ya ja ƙyaure.

Suka iso da ita, hannuwa a ɗaure, ƙafafu duk cizo, ɗaya jandarman yana lilo da ƙwaryar. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kokawa ba. Isaka ya lura da wannan ma, don akwai sunansa a littafi. Ya gyara murya, ya yi mata tambayar farko yadda aka koya masa: ta san inda take, ta kuma san wanda ke gabanta? Sannan ya miƙa hannu ya yaye tsumman.

"Maigida," in ji Lauratu a hankali, "ka ce su bi ƙwaryar nan sannu. Tuwonka na dare ne a ciki."