Macijin da Ba Ta Ji Ba

Ranar da ta kusa taka macijin, ɗalibanta duk sun ji kacau-kacau ɗin wutsiyarsa yana gargaɗi. Ita kaɗai ce ba ta ji ba. Tun tana da ƙuruciya take nazarin waɗannan macizai a hamadar Sonora, ga shi yau kunne ya juya mata baya. Jami'a ta karɓe makullin motar shiga daji, aka ba ta ofis da fanka.

Ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki sandarta mai ƙugiya, ta nufi bakin teku wajen ƙanenta masunci, ta ce ya ɗauke ta a jirginsa su je neman macizai.

"Yaya, kanki ɗaya kuwa?" ya kwarma mata a kunne. "Injin jirgin nan ma da ƙyar kike ji!"

"Surutunka dai har yanzu ina ji, abin haushi. Tuƙa mu tafi."

Ya tuƙa yana mita har suka isa wani busasshen tsibiri. Ta sauka, ya biyo ta yana kasa kunne.

Can sai ta tare ƙirjinsa da sanda. Dab da takalminsa ga maciji a naɗe, ya saje da duwatsu, wutsiyarsa na ta kaɗawa shiru.

"Ban ji komai ba," ya ce. A leɓensa ta gane.

"Ba za ka ji ba. Na tsibirin nan ba su da kacau-kacau." Ta gyara riƙon sandar, idonta na kan macijin. "A nan kowa kurma ne, ɗan'uwa. Ni dai na riga ku koyon kallo."