Bindigar Roba a Gawon Nama

Sai da mai shagon ya ja maɗaurin sosai kafin na'urar ta zauna a fuskar Hayatu. Ta rufe masa idanu ruf, ta bar hanci da baki da gemu a waje. Aka miƙa masa bindigar roba, ya karɓa da yatsu biyu kamar an ba shi mushen ɓera.

Matarsa Saudatu ta yi dariya har ɗiyarsu Lami ta kusa zamewa daga cinyarta.

Ita ce ta matsa aka zo. Tun da aka buɗe gidan gem ɗin nan a Gawon Nama ƙawayenta ke cika mata kunne, wai ka ɗaura abu a ido sai ka tsinci kanka a tsakiyar yaƙi. Ranar Asabar bayan la'asar ta ce sai sun je. Hayatu ya yi ta kawo uzuri, amma shi mutum ne da bai iya ce mata a'a ba.

Duk Unguwar Rogo an san shi da sanyin hali. Dillalin shanu ne, yakan shiga ƙauyuka ya yi makonni ya dawo da garke, amma a gida ko kaza ba ya yankawa, sai dai a kai wa maƙwabci. Muryarsa ƙasa-ƙasa, sai ka matso kake jin abin da yake faɗi. Lokacin da Saudatu ke cikin makokin ƙanenta Auwalu, ba ta magana, ba ta cin abincin kirki, manema duk sun janye, shi ne ya bayyana a ƙofar gidansu. Bai taɓa yi mata tambaya a kan wancan lokacin ba. Wannan ma na cikin abin da ya sa ta so shi.

Ita mai shagon ya fara yi wa tayi, ta ƙi. Ba ta yarda komai ya rufe mata ido. Ta zauna a benci tana kallon babbar talabijin da ke bango, wadda ke nuna duk abin da mai wasa yake gani.

Wani rusasshen gari ne, hayaƙi ko'ina. Hayatu bai yi taku uku ba aka harbe shi. Aka sake, aka kuma harbe shi. Samarin da ke jiran layi suka fara tsokana, wani da ya san shi ya ce Alhaji ya koma kara wurin shanunsa.

A karo na uku sai wani abu ya sauya. Ya buɗe ƙafafu, ya kafa gindin bindigar a kafaɗa, babban yatsansa ya laluba gefenta yana neman wani abu da ba a yi ta da shi ba. Saudatu ta ce a ranta lallai mutumin nan yana kallon finafinai a ɓoye.

Bai yi ta ɓarin harsashi kamar yadda samari ke yi ba. Ɗaya-ɗaya yake saki, kuma kowane da mutum. Ya durƙusa a kan tabarmar shagon, ya karkata kai yana saurare, ya juya ya sauke wani daga saman rufi. Masu tsokana suka koma tafi. Saudatu ta ciro waya ta fara ɗauka, tana jin daɗi, tana tunanin yadda za ta nuna wa ƙawayenta.

Wasan ya kai shi wani tsakar gida. Mutum ɗaya ne a ciki, ba makami, ya durƙusa ya ɗaga hannuwa. Mai shagon ya ɗaga murya ya ce a bar wannan, irin waɗanda ake cetowa ne, harbinsa na rage maki.

Hayatu ya matsa a hankali. Ya harbe shi a gwiwa.

Mutumin ya faɗi yana jan jiki a ƙasa. Hayatu bai ƙarasa shi ba, ya tsaya yana bin sa da bakin bindiga. A ƙarƙashin na'urar, leɓɓansa suka buɗe da wani murmushi da Saudatu ba ta taɓa gani a fuskar nan ba. Da ya yi magana kuma, muryar ta fito a shaƙe, da kauri, daga can cikin ƙirji.

"Tsaya tsaf, ɗan'uwa. Ba shi da zahi."

Ya ja kunamar bindigar.

Samari suka fashe da shewa. Hayatu ya cire na'urar yana haki, gumi ya jiƙa masa hula. Ya yi ɗan murmushinsa na kunya, ya ce da muryarsa ta kullum wanga abu ya fi ƙarfinsa, ba zai sake ba. Ya sunkuya ya ɗauki Lami daga cinyar uwarta, ya ɗora ta a kafaɗa, yarinyar ta kama gemunsa tana wasa.

Wayar tana hannun Saudatu, har yanzu tana ɗauka. Ta kasa kashewa, ta kasa tashi.

"Maman Lami, mi ya same ki?" Ya miƙo mata hannu. "Taso mu tahi gida."

Ta dubi hannun, ta dubi ɗiyarta a kafaɗarsa. Ranar da 'yan bindiga suka tare motarsu suka kora su daji ita da Auwalu, da ɗankwalinta aka ɗaure mata ido, ba ta ga fuskar kowa ba. Abin da ta fito da shi kawai murya ce, shaƙaƙƙiya mai kauri, da ta faɗi kalmomin nan daidai, tsaya tsaf, ba shi da zahi, kafin ƙarar da ta katse kukan Auwalu.