Ƙaron Mai Wankin Hula

Akwai wani saurayi mai wankin hula, hannunsa da kyau, sai dai Allah ya zuba masa gaggawa. Wata Alhamis mahaifin yarinyar da yake nema ya aiko masa da hular da zai sa Juma'a, ya ce a wanke a sa mata ƙaro ta tsaya. Saurayi ya san ba hula kaɗai ake dubawa ba, har da mai wankin. Garin ƙaron da ya saba saye ya ƙare a kasuwa, sai ya samu na dunƙule wurin wata tsohuwa 'yar ƙauye. Ya watsa a kwano ya zuba ruwa, ya juya, ya juya, yana jira ya ɓace kamar gishiri a miya. Ina! Sai ƙwal-ƙwal yake ji a gindin kwano. Ransa ya ɓaci, ya rantse tsakuwa aka sayar masa, ya ture kwanon ƙarƙashin benci, ya hau keke sai ƙauyen tsohuwa.

Tsohuwa ta gane zancen tun kafin ya sauka. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta gaishe shi, ta gaida uwarsa, ta tambayi kakarsa da awakinta, ta dama masa fura. Duk sanda ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ta miƙo ludayi. Sai da rana ta yi sanyi ta ce, "Ɗan nan, gishiri da sukari yara ne, kana kira suna amsawa. Ƙaro dattijo ne, sai an jiƙa shi an ba shi wuri. Je ka duba kwanonka." Ya koma yana gunaguni, ya jawo kwano, ya tsoma yatsa. Babu dunƙule ko ɗaya! Ƙaro ya narke sarai, ruwa ya yi kauri yana danƙo, ɗan yashi da ɓawon itace ne kawai suka kwanta a ƙasa, su kam ko shekara suka yi ba za su narke ba. Ya tace, ya ƙara ruwa kaɗan, ya tsoma hula. Washegari mahaifin yarinyar ya fito masallaci hula tsaye ƙyam a kansa, ya hango saurayi, ya yi murmushi ya ce a gaya wa manyansa su zo. Saurayi ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa, da kasuwa ta zagayo kuma ya kai wa tsohuwa goro.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.