Wata Ukun da 'Yar'azumi Ta Roƙa

Yagana mai sayar da kifi ce ta fara ba ni labarin nan, tana kankare karfasa a ƙofar gidana. Ita ta je sadakar arba'in ɗin Alhaji Modu, ni ciwon gwiwa ya hana ni.

Gidan Alhaji Modu ba ɓoyayye ba ne a wajejen Guri. Kakansa daga Barno ya zo da bayi, ya sa su suka sare daji, suka haƙe fadama, ya ajiye su a wata unguwa bayan gari wadda har yau ake kira Rinji. Bauta ta mutu tun kafin a haife ni, amma a gidan nan ba a binne ta ba.

Ana watsewa daga addu'a, babban ɗa Abdulmuhaimin ya ce a fito da igiya a yi awo, shi Haɗeja zai koma. Mutum ne mai son a san ko shi wane ne. Ko mai ya tsaya sha sai ya gaya wa mai zubawa cewa jininsu bai taɓa gauraya ba. Shi kaɗai uwargidan Alhaji, marigayiya Hajiya Falmata, ta bari, bayan shekara goma tana jira. Yakan ce don darajarsa ma sai da aka kai ta Kafin Hausa rainon ciki, da 'yar aiki a bayanta.

Liman ya raba gonakin tudu, ya raba fadama, da shanu, da injin ban ruwa. Aka shiga zaure. Can a bayan tsohon sirdi aka ci karo da marin ƙarfe, wanda ake ɗaure ƙafar bawa da shi, duk ya yi tsatsa. Mustapha, ƙanin Abdulmuhaimin ɗan wani ɗakin, ya ce a jefa shi kogi. Abdulmuhaimin ya goge shi da bakin rigarsa, ya ɗauki hotonsa da waya, ya ce falonsa zai rataye shi baƙi su gani. Tir.

Gidan ya faɗo a kasonsa, kuma tuni yana da mai saye. Saura abu ɗaya: ɗakin 'Yar'azumi da 'yar gayaunarta ta shinkafa.

'Yar'azumi tsohuwa ce 'yar Rinji. Tun tana budurwa aka kawo ta gidan aiki, ba ta sake fita ba in ban da rakiyar Hajiya Kafin Hausa. Ita ta yi daka, ita ta yi wanki, ita ta yi jinyar Alhaji har ta shafe masa ido. Abdulmuhaimin yakan yi misali da ita. Ya ce ga baiwar da ta san matsayinta: shekara hamsin da biyar ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, ba ta taɓa kama sunansa ba. In ya shigo sai ta juya wa bango fuska. Alhali Hajiya da kanta gatsau take kiransa.

Ya sa aka fito da ita tsakar gida. Tun rasuwar ba ta leƙa ko zaure ba. Ta durƙusa da wani koɗaɗɗen zane, ido fari fat ba kwalli.

"Iya, gida ya zama na wani," in ji shi. "Ki koma wajen danginki."

Ba shi ta duba ba, Mustapha ta duba. "Ka ce wa yayanka a bar ni wata uku. Uku kawai, sai in tafi."

Abdulmuhaimin ya kwashe da dariya. "Kun ji wayon bayi? Wata uku shinkafa ta nuna ke nan, ta yanke ta yi gaba. Malam, baiwa tana da gado ne?"

Liman ya sunkuyar da kai, ya ce ai babu bayi yanzu, amma dai wanda ba jini ba aure ba shi da kaso. Mustapha ya ce, "Yaya, wata uku fa." Yayan ya ce, "In tausayi kake ji, kai ta ɗakin matarka."

Kafin la'asar an ɗora tabarmarta da kwallayenta a amalanke. Har ƙwaryar da take dama masa fura duk zuwansa sai da ya leƙa, wai kada ta haɗa da ta gida. Da za ta fita ta tsaya a bakin ɗakin Alhaji, ta dafa ƙyaure, ta daɗe. Ta bi ta gefen Abdulmuhaimin, fuskarta a bango kamar kullum.

Da Yagana ta kawo nan na tofar da yawu. Kifin ma na ce ta mayar, ba zai ciwu ba.

Washegari da safe na ɗaure gwiwar da tsumma, na ƙulla sabulu da mudun gero, na hau babur zuwa Rinji. Na same ta a rumfar ɗan ƙanwarta. Kai ba kitso, kunne ba 'yan kunne, ga 'yar wuƙa ajiye a gefen tabarma. Nan take na gane, don ni ma sau biyu na yi irin wannan zama. Kwana arba'in da wata uku, ai kwanakin sun cika cif.

Na ce, "'Yar'azumi, takaba kike yi?"

Ta ce, "A ɗakina na so in ƙarasa. Shaidun aurena da Alhaji duk sun riga shi tafiya."

Na ce, "To ke da kina da tumuninki na gadon miji a gidan, me ya hana ki buɗe baki ko sau ɗaya, ki ce Abdulmuhaimin, ka ji tsoron Allah?"

Ta ja mayafi ta rufe baki, kunya ta kama ta kamar yarinya.

"Haba ke kuwa," ta ce. "Wace uwa ce take kiran sunan ɗanta na fari?"