Kujerar Yaya

"Ke kika zo ta ɗaya," in ji malamin, yana turo mini takardar jarrabawata.

Ni da na miƙa ta ko harafi ban rubuta ba?

Yayata ce ta samu gurbi a jami'ar nan, cikin dubban da suka nema. Ana saura mako rajista ta rasu. Umma ta ce, "Kamarku ɗaya. Je ki da sunanta, kada wahalarta ta tafi a banza."

Na buɗe takardar. Shafi shida, duk rubutun Yaya mai karkata hagu.

"Wannan ne ban gane ba," in ji malamin, ya ɗora yatsa a layin ƙarshe.

An rubuta: "Auta, tashi mini daga kujerata."