Lambar Kawu

Tana bakin aiki a shafin da matasa ke kai kukan damuwarsu, sai saƙo ya shigo: "Na gaji da rayuwa."

Ta duba lambar. Ta Kawu ce! Mutumin da ya watsa hirar ƙaninta da likitan ƙwaƙwalwa a guruf ɗin dangi, yana kiransa mahaukaci, har yaron ya daina fita.

"Yau kai ma za ka ɗanɗana," ta ce. Ta ɗauki hoton saƙon, ta tura guruf ɗin. Ranta ya yi fari.

Wani saƙon ya shigo: "Wayar Babana na ɗauka a ɓoye. Don Allah kada kowa ya sani."

Tana neman goge hoton daga guruf ɗin, sai na uku ya faɗo:

"Yaya, ashe ke ce?"