Kwalbar Saman Bene

Ruhaina ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken yamma, ta shinshina, ta dire ta. Ruwa ne kuma. Ko ba ta kai shi ɗakin gwaji ba, ta san abin da na'ura za ta ce: ruwa zalla, kamar wanda aka taro a famfo.

A saman benen gidansu da ke unguwar Nima ta jera gilasai masu faɗi, ta shafe su da wani farin garin sinadari da ta yi shekaru tana haɗawa a jami'a. Daga ƙasa, tiyo yana hawo da iskar kabon daga murhun gawayin Ƙaltume mai sayar da wakye, wato shinkafa da wake. In rana ta bugi garin, sai ya sa iskar da ruwa su rikiɗe su zama metanol, man da ake iya kunna inji da shi, ya riƙa ɗiga cikin kwalba. Haka dai ta tsara abin.

Kuma a makon farko ya yi. Ranar ta sauko da gudu, ko takalmi babu, ta miƙa kwalbar ga yayan mahaifinta, Alhaji Sharfuddeen, mai gidan, wanda ya riƙe ta tun rasuwar ubanta. Ya kai hanci bakin kwalbar, bai ko sake shaƙa ba ya ɗaga murya.

"Barasa! A saman gidana?"

"Baba Alhaji, ba irin wadda mutane suke..."

"Ke, rufe min baki! Ni za ki koya wa haram?"

To, Nima fa ta samu abin yi. Mutanen da ko batirin tocila ba su san yadda yake aiki ba, duk suka zama malaman kimiyya. A motocin haya na trotro ana maganar, a wurin mai aski ana maganar, har unguwar Kotobabi labari ya kai cewa 'yar gidan Alhaji tana dafa giya da hayaƙi. Suka laƙaba mata Madam Akpeteshi, sunan wata barasa da ake dafawa a gida. Ƙaltume kanta, da ake kwashe mata hayaƙi kyauta, in ta hango ta sai ta tofar da yawu.

Alhaji bai sa a rushe ba, wai shi mai haƙuri ne da marainiya. Kwaɗo ya sa a ƙofar bene, ya rataya makullin a jikin carbinsa. Da safe ya buɗe mata, da yamma in ta dawo daga jami'a ya buɗe mata. Da azahar kuwa shi kaɗai yake hawa, da butarsa cike, ya zauna yana korar shaiɗanun wurin da zikiri. Jama'a suka ce kai, irin Alhaji sun yi ƙaranci a Zango.

Tun daga lokacin kwalba ba ta ƙara ba da komai ba sai ruwa.

Farfesan da ke duba aikinta ya fara yi mata wani irin kallo. Ya ce sakamakon da ba ya maimaituwa ba sakamako ba ne, kuma in ba ta sake kawo metanol ba kafin kwamitin jami'a ya zauna a kan aikinta, za a ɗauka na farkon ma daga kanti ta sayo ta zuba. Kora ke nan, da tambarin ƙarya a sunanta har abada. Ruhaina ta sake garin, ta sake tiyo, ta liƙe duk inda take zaton yana yoyo, ta wanke gilasan har fatar hannunta ta saɓule. Tsoro ya hana ta cin abinci. Ta kai har tana tambayar kanta ko ranar farkon ma idonta ne ya yaudare ta.

Shi kuma Alhaji ya shiga kukan ciwon kai. Ya ce haƙori na damunsa, kullum bakinsa da kanumfari. Sai ya ce yana ganin hazo-hazo, ya sayi baƙin tabarau. Ai ƙyallin gilasan yarinyar nan ne, in ji shi, yake dukan idonsa in yana zikiri. Matan gida suka dafe ƙirji: wayyo bawan Allah, ka riƙi yarinya da hannu biyu, ta saka maka da makanta!

Ranar wata Laraba bayan azahar aka ji faɗuwa. Aka tarar da shi a kan matakala yana amai, butar ta gangaro ƙasa ba ko ɗigo a ciki, yana lalube yana tambaya wa ya kashe wuta. Kafin Ruhaina ta iso, samarin layi, jarumai, sun haye bene da taɓare sun yi wa gilasan rugu-rugu. Aikin shekaru ya koma tarkace, su kuwa suna ta kabbara.

Ba ta ko hau ta duba ba. Ta shiga tasi da shi zuwa asibiti, tana riƙe da hannunsa tana kuka, tana roƙon ya yafe mata. Ta riga ta yarda: garinta bai taɓa yin aikin komai ba, sai cin idon mutumin da ya raine ta. Alhaji ya juyar da kai, ya ce ya bar ta da Allah.

Bayan an gama gwaje-gwaje likita ta fito, ta ja Ruhaina gefe, nesa da 'yan dubiya.

"Ke ce 'yarsa? To ki bar zancen gilashi, gilashi ba ya yin wannan. Metanol muka samu a jininsa, kuma ɓarnar idon nan ba ta yau kaɗai ba ce. Ki gaya min gaskiya, a ina tsohon nan yake samun abin da yake sha?"